GIDAN MADUGU: DAGA KANO ZUWA GWANJA NEMAN ASALIN SUNANMU

A wannan fitowar ba ƙagaggen labari na kawo muku ba kamar yadda na saba, labarin kaina ne, da na wata tafiya da na yi wadda har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ita ba.

Tun ina 'yar firamare sunan da ke bin nawa a rajista shi ne Madugu. In an tashi tara sai ƙawayena su dinga tsokanata suna cewa, "Madugu uban tafiya, yau ina muka nufa?" Ni kuwa in cika in yi fam, wani lokacin har da kukana. Amma ko sau ɗaya ban taɓa zama na tambayi inda sunan ya samo asali ba, abin ku da ƙuruciya.

Ana nan sai Allah Ya haɗa ni da wani bawan Allah, muka fahimci juna, har magana ta je gaban manya. Kun dai san al'ada, sai aka shiga bincike. Ran nan ina zaune sai ga wata ƙawata ta shigo jikinta a sanyaye, ta ce ta ji gwaggonsa a gidan wani biki tana cewa, "Wai su wane ne Madugu? Ba sunan gari ba, ba sarauta ba, ba gidan malamai ba. An ce uban yarinyar ma a Gwanja aka haife shi. Mu ba ma ɗauko abin da ba mu san tushensa ba."

Gabana ya yanke ya faɗi. Na shige ɗakin Hajiya, kakata ta wajen uba, na kifa kaina a cinyarta na yi ta rusa kuka. Ta ƙyale ni sai da na yi mai isata, sannan ta ce, "Ke kishiya, tashi ki share hawayenki. Laifinmu ne da ba mu gaya muku ba. Madugu ba suna ne da aka raɗa wa wani ranar suna ba, aiki ne."

Ta gyara zama ta ce a zamanin da babu mota babu jirgi, fatake ba sa tafiya ɗai-ɗai saboda 'yan fashi, sai su taru su yi ayari, da jakunansu da takarkarinsu da matansu da barorinsu. Wanda aka danƙa wa ragamar ayarin shi ne madugu. Shi ke tsayar da ranar tashi bayan malamin ayari ya yi addu'a, shi ke zaɓar hanya, shi ke shiga gaban sarakunan garuruwa a daidaita kuɗin fito, shi ke raba gardama. Yana da jagaba mai wucewa gaba ya dubo hanya da zangon da za a sauka, yana da uban dawaki mai tara kuɗin da za a biya a hanya. "Shi kuwa madugu," in ji Hajiya, "a baya yake tafiya, don kada a bar gajiyayye. In mutum ya rasu a hanya, shi zai tattara dukiyarsa ya kawo wa magada, ko allura ba ta ɓata."

Kakansu, ita da marigayi mijinta, don auren zumunci aka yi musu, shi ne madugun. Yana kai ayari daga Kano zuwa Gwanja, su tafi da kanwa da baƙin rini da jemammun fatu da gabu, su dawo da goro. Tafiya da dawowa takan ci wata shida, wani zubin har shekara. Saboda haka ya yi gida biyu, ɗaya a Kano, ɗaya a Salaga ta ƙasar Gwanja, wadda yanzu take cikin Gana.

Na ce, "To Hajiya, ya aka yi ya zama sunanmu?"

Ta yi dariya ta ce ai Bahaushe da can bai san wani sunan dangi ba, sai dai a ce wane ɗan wane, ko wane na gidan wane. Makarantar boko da takardun hukuma su suka zo da dole sai mutum ya yi suna biyu. Wasu suka ɗauki sunan uba, wasu na gari, kamar Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari, wasu sarautar gidansu, wasu kuwa sana'ar gida, irin su Wanzam da Maƙera. Da aka kai babana firamare a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimi kyauta na UPE, masu irin sunansa da na mahaifinsa sun yi yawa a ajin, sai malamin ya ce, "Ɗan wane gida ne?" Aka ce gidan Madugu. Ya rubuta. Shi ke nan fa.

Daga nan sai na ga fuskarta ta canza, ta yi ajiyar zuciya. Ta ce ita a Salaga aka haife ta, mijinta ne ya zo daga gidan Kano yana fatauci aka haɗa su. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama sati biyu ya bar Gana. Suka fito a bayan babbar mota, babana yana goye. Ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya, tana auren Bagwanje, don haka ta zauna. Tun ranar ba su sake sa juna a ido ba. Sai a 'yan shekarun nan wani mai fataucin shanu ya kawo lambar jikanta, suke aika wa juna saƙon murya a WhatsApp.

"Shekara hamsin da uku ke nan," in ji Hajiya. "Kullum sai in ce baɗi. To tunda har an fara tambayar tushenmu, tashi za mu yi ki gani da idonki, gani ya kori ji."

Babana ya so ya hana saboda tsufanta, ta ce ko a hanya ta mutu ai gado ta yi. Dole ya haɗa mu da ƙanensa, Baffa, wanda malamin tarihi ne a sakandare, muka yi fasfo, muka kama hanya a watan Disambar 2022, hunturu na busawa. Baffa ya ce tunda za a yi, to a bi ta inda ayari ke bi.

Mun kwana a Kwantagora, washegari muka isa Sabuwar Busa, kusa da madatsar ruwa ta Kainji. Baffa ya nuna mini ruwan ya ce tsohon garin Busa yana ƙarƙashinsa tun 1968 da aka gama madatsar, kuma ta wannan yanki fatake da yawa ke haye Kwara, a loda kaya a jiragen kwale-kwale. Na tsaya ina kallon ruwan nan iya ganina, ina tunanin yadda za a haye da jaki ɗari. Ni da ko gulbin garinmu ban taɓa shiga ba!

Daga nan muka bi ta Wawa muka shiga Kayama. A nan ne, in ji Baffa, wani Bature mai yawon duniya, Clapperton, ya tarar da ayarin Hausawa a 1826 suna dawowa daga Gwanja, mutum sama da dubu, maza da mata, da dabbobi kusan yawansu. Ya ce matan su ma da kaya niƙi-niƙi a ka. Hajiya ta harare ni ta ce, "Kin ji ko? Ke kuwa zama kawai kika yi a mota kina ta kukan ciwon baya."

Muka tsallaka iyaka ta Cikanda muka shiga Jamhuriyar Benin, muka wuce Nikki, garin sarakunan Bargu, muka sauka a Faraku da la'asar. Masaukinmu a wata unguwa yake da ake kira Zongo. Baffa ya ce kalmarmu ce ta zango, wurin da ayari ke yada kaya ya kwana, ita ce ta zama sunan unguwar baƙi Musulmi a Benin da Togo da Gana.

Da safe na fito sayen burodi, sai idona ya faɗa kan allon wani shago an rubuta MADOUGOU da manyan baƙaƙe. Na karanta a hankali, sai na ji ashe sunanmu ne da rubutun Faransanci! Wallahi ban san lokacin da na ruga na janyo Hajiya ba, ina cewa ga 'yan uwanmu. Mai shagon dattijo ne, Dandanci ne harshensa, Hausarsa kaɗan-kaɗan. Suka gaisa da Hajiya, suka shiga jero kakanni. Nasa kakan daga wajen Gaya ta Nijar yake jan ayari, bai taɓa zama a Kano ba. Babu inda muka haɗu. Na ji kunya ta kama ni, shi kuwa ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ba jini muka haɗa ba, hanya muka haɗa." Ya ƙi karɓar kuɗin burodin.

A cikin mota Baffa ya ƙara mini bayani. Ya ce tunda aiki ne, kowane gari da ke da fatake yana da madugansa, kuma duk inda madugu ya yi gida sai a kira gidan da sunan. Shi ya sa za ki ji Madugu a Kano da Katsina da Sakkwato, ki ji Madougou a Nijar da Benin, inda har wata mata, Reckya Madougou, ta taɓa riƙe muƙamin minista. Ba yamma kaɗai ba, har gabas akwai masu zuwa Adamawa sayen hauren giwa. Ɗaya daga cikinsu, Madugu Mai Gashin Baki, shi ya yi wa wani Bajamushe mai suna Flegel jagora, har ya bi shi birnin Balin a 1884. Ku ji fa, Bahaushe a Jamus tun kafin Turawa su ci Kano a 1903! Ni ma daga baya na ga shaida, don a watan Yulin 2025 da 'yan matan Najeriya suka ci kofin ƙwallon Afirka a Maroko, sunan mai horar da su Justine Madugu, mutumin jihar Adamawa. Sunan ya fita daga hannun Hausawa su kaɗai.

Muka bi ta Jugu, muka ratsa Togo ta Kara, muka shiga Gana muka kwana a Yandi. Kwana na biyar da barinmu gida, bayan mun sha jar ƙura ta hanyar Bimbila, direba ya ce, "Salaga ke nan."

Hajiya ta yi tsit. Tun daga tasha take waige-waige, tana neman abin da ta sani ba ta gani ba. Jikan ƙanwarta ya zo ya tarye mu, muka bi shi ta wani lungu har ƙofar wani gida mai jan kwano. Wata tsohuwa siririya tana zaune a kan tabarma tana tsince wake. Ta ɗago kai, suka kalli juna ita da Hajiya, ba wadda ta yi magana. Can sai tsohuwar ta ture farantin, waken ya watse, ta miƙe tana rawar jiki tana cewa, "Yaya! Yayana ya zo! Yayana ya zo!"

'Yan uwa, ban iya kwatanta muku abin da ya biyo baya ba. Tsofaffi biyu sun rungume juna a tsakar gida suna kuka kamar yara, kowacce na shafa fuskar 'yar uwarta. Hajiya na cewa, "Haka kika tsufa?" Ita kuma tana cewa, "Ke fa, ina haƙoranki?" Sai kuka ya koma dariya, dariya ta koma kuka. Har Baffa sai da ya juya baya yana goge ido da hularsa.

Kada ku yi mamakin "ya zo" da ta ce. Hausar can ba ruwanta da bambanta mace da namiji, kowa "shi" ne. Na kwana biyu ina dariya a ɓoye kafin kunnena ya saba. Abincinsu ma duk sunayenmu ne, da safe koko da ƙosai, da rana shinkafa da wake da suke kira wace, da dare tuwon zafi. Kuma ko da yake 'ya'yanta sunan ubansu suke amsawa, duk unguwar ba wanda ke kiran gidan da ta taso a ciki sai da gidan Madugu.

Washegari jikan nata ya zaga da mu gari. Ni da na taso ina jin ana goron Gwanja, na zaci zan ga itatuwan goro ko'ina. Ko ɗaya babu! Baffa ya ce goro a kurmin Asante yake fitowa, can kudu, mutanen Asante ke ɗauko shi su kawo Salaga, fatakenmu su saya a nan, don ba a barinsu su shiga kurmin. Kasuwa ce kawai ta haɗa su. Da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 sai goron ya fara kauce wa garin, sannan a 1892 yaƙin sarauta ya tashi tsakanin 'ya'yan sarakunan Kpembe, garin da ke jikin Salaga, baƙi suka watse. Wasu suka nufi Kete-Karachi, cikinsu har da shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru Salaga, wanda ya rasu a can a 1934. Wasu suka yi Kumasi, wasu Ankara ta bakin teku. Kowa ya tafi da sunan gidansu.

Abin da ya ƙarasa aikin madugu kuwa jirgi ne. 'Yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, ga kuma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Wa zai ƙara yin wata uku a ƙasa yana bin jaki? Aikin ya mutu, sunan ya rage. Yanzu sai dai mu ji a rediyo ana cewa madugun 'yan adawa.

Salagar yau gari ne madaidaici, shiru, ga tsofaffin rijiyoyi birjik a bayan gari. Muna tafe sai yaron ya nuna wani wuri ya ce, "Nan ne Wankan Bayi." Na ce me? Ya ce nan ake yi wa bayi wanka a shafe su da man kaɗe kafin a kai su kasuwa. Ya ce akwai kuma Rafin Angulu, inda ake yar da waɗanda suka mutu. Sunayen duk da Hausa, da harshenmu. Jikina ya yi sanyi ƙalau, na kasa cin abincin rana.

Da dare muna zaune a tsakar gida na yi ƙarfin hali na ce, "Kaka, shi Madugu ya sayi bayi?"

Hajiya ta buɗe baki za ta tsawata mini, ƙanwarta ta ɗaga mata hannu. Ta ce, "Bar shi ya tambaya. Ya saya, jikata. Ya sayar kuma. Uwar babanmu ma a kasuwar nan ya saye ta." Ta ce Bagurunsa ce, tana yarinya mayaƙan Zabarmawa na Babatu suka kamo ta daga ƙauyensu a arewa. Ta haifa wa Madugu ɗa namiji, ta zama uwar gidan Salaga, ta rayu har su Hajiya suka yi wayo suka san ta. Tana da tsage a fuska, kuma har ta rasu in tana daka takan yi wata waƙa da harshen da ba mai ji a gidan. Ba wanda ya san sunan ƙauyensu, ba wanda ya san sunan da uwarta ta raɗa mata.

Na dubi Hajiya, ta sunkuyar da kai. Ashe wannan ne abin da ya sa shekara da shekaru ba ta son a tayar da zancen Gwanja. Daren nan ban runtsa ba. Na zo neman abin da zan yi tinƙaho da shi a gaban gwaggon wani, ga shi na samu, jikar madugu ce ni, mai amana, uban tafiya. Amma kuma jinin yarinyar da aka yi wa wanka a bakin rijiyar can yana jikina, kuma ita ba a rubuta sunanta a rajistar kowa ba.

Kafin mu taho aka kai mu maƙabarta. Kabarin Madugu an san shi, an kewaye shi da duwatsu. Nata kuwa sai ƙanwar Hajiya ta nuna wani gefe da sandarta ta ce, "Wajen nan ne." Na durƙusa a wajen na yi mata addu'a, na daɗe ban tashi ba.

Mun yi sati biyu muka juyo. Ranar rabuwa ba wadda ta yi kuka cikinsu, sai Hajiya ta cire zobenta ta sa wa ƙanwarta, suka yafi juna.

Na san tambayar da ke bakinku. Da muka dawo ya zo zance, na zayyana masa komai, tun daga ayari har Wankan Bayi, ban rage ko ɗaya ba. Ƙawata ta ce wauta na yi, da na faɗi rabin farko na yi shiru. Wataƙila da gaskiyarta. Ya yi shiru ya ce shi bai dame shi ba, amma bari ya je gida. Bayan sati uku aka aiko karɓar kayansu. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi kuka, na rame, na daɗe ban ɗauki biro ba. Sai dai ko yau aka mayar da ni zauren nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa, don ban ga yadda zan shiga gidan miji ina ɓoye tsohuwar da aka riga aka ɓoye sau ɗaya ba.

Ƙanwar Hajiya ta rasu a cikin azumin 2023, wata uku da dawowarmu. Da aka aiko da saƙon Hajiya ta yi salati ta ce, "Alhamdu lillahi da ban sake cewa baɗi ba." Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan Madugu Ya yafe masa, Ya jiƙan kakarmu Bagurunsa.

Shawarata gare ku ƙannena, musamman 'yan makaranta, ku dubi sunan da ke bin naku a rajista. In kuna da tsohuwa a gida, yau ɗin nan ku saya mata goro ku zauna kusa da ita ku tambaye ta, kuma in ta fara ba ku labarin maza ku ce ta gaya muku na matan. Ni yanzu a bangon littattafaina sunan nan nake sawa cikakke, kuma in Allah Ya ba ni 'ya mace, na riga na san labarin da zan fara ba ta.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Taku har kullum, 'yar gidan Madugu.